Mutum Goma Sha Biyar da Muhammad Ali Ya Karɓo Daga Hannun Saddam

Da asubahin ranar Alhamis 2 ga Agusta 1990, jirgin saman British Airways mai lamba 149 ya sauka a filin jirgin Kuwait. Daga Landan ya taso, zai wuce Madras a Indiya, daga nan sai Kuala Lumpur. Mai kawai zai sha, a sauya ma'aikata, ya ɗaga. Bai sake tashi ba. Tun yana sama tankokin Iraƙi sun riga sun tsallako iyaka, kuma kafin rana ta yi tsaka filin jirgin ya koma hannun sojojin Saddam Husaini. Mutum fiye da 300 da ke cikinsa, waɗanda yawancinsu zango kawai ya haɗa su da Kuwait, suka wayi gari a tsare. Sai a 2021 gwamnatin Birtaniya ta amsa da bakinta cewa jakadanta ya sanar da ita shigowar sojojin tun kafin jirgin ya sauka, amma ba wanda ya gaya wa kamfanin.

Abin da ya kawo Saddam ba ɓoyayye ba ne. Ya fito daga yaƙin shekara takwas da Iran da bashi iya wuya, Kuwait kuwa tana cikin manyan masu binsa. Ya zarge ta da malalo mai a kasuwa har farashi ya karye, da kuma zuƙe man rijiyoyin Rumaila da ke bakin iyaka. Cikin kwana biyu ya gama da ita, sarkinta Jabir ya tsere Saudiyya, kafin wata ya mutu Bagadaza ta ce Kuwait ta zama lardinta na 19. Sai dai duniya ba ta kawar da kai yadda ya zata ba. Ranar 6 ga Agusta Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaƙaba wa Iraƙi takunkumi, jim kaɗan bayan haka sojojin Amurka suka fara sauka a Saudiyya. Da Saddam ya ga haka, sai ya waiwayi abin da ke hannunsa: dubban Turawa da Japanawa masu aiki a kamfanonin mai da na gine-gine da bankuna da asibitoci a ƙasashen biyu.

Aka rufe musu hanyar fita. Aka shiga bi otal-otal da gida-gida ana kwashe mutane, musamman Amurkawa da 'yan Birtaniya da Faransawa da Jamusawa da Japanawa. A kai mutum otal ɗin Mansur Meliya a Bagadaza, ya ɗan kwana biyu, sannan a zuba shi a mota da wasu a rarraba su zuwa madatsun ruwa, da tashoshin lantarki, da matatun mai, da masana'antun makamai, wato duk wuraren da aka san jiragen yaƙi za su fara nema. Lissafin a fili yake: duk wanda zai saki bam a nan, da ɗan ƙasarsa zai fara. Gwamnatin Iraƙi ba ta taɓa yarda cewa garkuwa ta yi da su ba. Baƙi ne, in ji ta.

Ranar 23 ga Agusta Saddam ya so ya nuna wa duniya yadda yake karrama baƙin nasa. Ya shiga ɗakin da aka tara wasu iyalai 'yan Birtaniya, sanye da kwat, kyamarar talabijin na biye da shi. Ya jawo wani yaro ɗan shekara biyar, yana shafa masa kai, yana tambaya ta bakin tafinta ko ana ba shi madararsa. Yaron ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya ƙame, ya ƙi sakin jiki. Hoton nan ya yi wa Saddam ɓarnar da jawabin shugabanni goma bai yi masa ba. Ba a yi mako ba ya ce mata da yara su tafi. Maza suka rage.

Wasu sun ɓuya. A birnin Kuwait ɗaruruwan Turawa sun shafe watanni a rufin ɗaki da ƙarƙashin bene, maƙwabta 'yan ƙasar da Falasɗinawa da 'yan Asiya na kai musu abinci a sace, alhali Bagadaza ta shelanta cewa duk wanda aka kama ya ɓoye baƙo, rataya ce hukuncinsa. A Bagadaza kuwa jakadiyar Amurka, April Glaspie, ta tafi hutu gab da mamayar, sai mataimakinta Joseph Wilson ya riƙe ofis, ya kuma ba Amurkawa da dama mafaka. Da aka aiko masa da takardar barazanar, sai ya fito gaban 'yan jarida da igiya zarge a wuyansa a madadin taye, yana nufin in rataya ce, ga shi ya zo da igiyarsa. A riƙe sunan mutumin nan, don zai sake fitowa a labarin ta wata fuska.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Gwamnatocin Yamma sun ce ba za su yi ciniki da Saddam ba, a saki kowa ba sharaɗi. Shi kuwa ya gane cewa in gwamnati ba za ta zo ba, akwai masu suna da za su zo, kuma kowane mai suna ya zo, hoto ne da zai nuna cewa ba a mayar da shi saniyar ware ba. Sai ya kasa mutanen kashi-kashi kamar mai tumatir a bakin kasuwa, kowa da girman kashin da ya dace da nauyinsa. Kurt Waldheim, shugaban Ostiriya, wanda a lokacin ƙasashe da yawa ke gudun haɗa inuwa da shi saboda tarihinsa a rundunar Hitila, shi ya fara zuwa a ƙarshen Agusta, ya koma da 'yan ƙasarsa kusan ɗari. Ɗan siyasar Amurka Jesse Jackson ya biyo baya ya fito da gomman Amurkawa. A Oktoba tsohon firaministan Birtaniya Edward Heath ya je ya dawo da mutum 33. A Nuwamba tsohon shugaban gwamnatin Jamus Willy Brandt ya samu fiye da 170, tsohon firaministan Japan Yasuhiro Nakasone ya samu fiye da 70. Har Jean-Marie Le Pen na Faransa, wanda ya gina siyasarsa a kan ƙin baƙi Larabawa, ya je ya sha shayi da Saddam ya karɓi nasa kason.

Amurkawa su ne kayan da suka fi tsada, domin Amurka ce ke jan ragamar yaƙin da ke tafe. Ranar 8 ga Nuwamba Shugaba George Bush ya ba da sanarwar ninka sojojinsa a yankin. Duk mai hankali ya san ba don tsaron Saudiyya kaɗai ake tara wannan runduna ba.

A cikin kwana goman ƙarshe na watan nan ne Muhammad Ali ya sauka a Bagadaza.

Ba Alin da aka sani ba ne. Shekarunsa 48, rabonsa da dambe tun Disamba 1981 da Trevor Berbick ya doke shi a Bahamas. A 1984 likitoci suka tabbatar yana da cutar Parkinson, mai sa karkarwa, ta daskarar da fuska, ta shaƙe murya. Mutumin da bakinsa ya fi damtsensa kaifi, wanda ke faɗin zagayen da zai kayar da abokin karawa tun kafin a buga ƙararrawa, yanzu sai an kara kunne kusa da bakinsa ake jin abin da yake cewa. Ba kuma wannan ne karonsa na farko a aikin manzanci ba, kuma na baya ba su yi armashi ba. A 1980 Shugaba Carter ya turo shi Afirka, har da Najeriya, ya lallashi ƙasashe su ƙaurace wa wasannin Olamfik na Mosko. Shugaba Nyerere na Tanzaniya ya ƙi ganinsa, Najeriya kuwa ta tura 'yan wasanta Mosko. A 1985 ya je Beirut neman a saki Amurkawan da aka sace a can, ya dawo hannu rabbana.

Wani abin mamaki shi ne waɗanda suka shirya tafiyar. Ƙungiyar masu adawa da yaƙi ce da Ramsey Clark ke jagoranta. Shi Clark ɗin nan shi ne ministan shari'ar Amurka a 1967, lokacin da Ali ya ƙi shiga soja a tura shi Biyetnam, ma'aikatarsa ce ta gurfanar da shi, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar, aka ƙwace kambunsa, ya shafe fiye da shekara uku ba ya dambe, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Shekara 23 bayan gurfanarwar, ga mai ƙara da wanda aka yi ƙara a sahu ɗaya, suna ƙoƙarin tare wani yaƙin.

Gwamnatin Bush ba ta so tafiyar ba. Joseph Wilson, mai igiya a wuya, yana cikin waɗanda suka fito fili suka ce masu zuwa Bagadaza kuskure suke yi, farfagandar Saddam kawai suke ƙarfafawa. Jaridar New York Times ta bayyana yunƙurin Ali a matsayin mafi ban al'ajabi a cikin yunƙure-yunƙuren kwanakin, ta kuma jawo hankali ga yadda yake shiga taro bayan taro alhali maganarsa ba ta fita. Wasu suka ce neman suna ne. Wasu suka ce marar lafiya ne ake jan sa ana cin moriyarsa, bai ma san inda aka dosa da shi ba. Wannan zargi na ƙarshe ya fi kowanne ciwo, ya kuma fi kowanne rashin tushe. Cutar ta kama jiki da harshe ne, hankalinsa na nan daram.

Ba a ba shi rana ba, ba a ba shi lokaci ba. Al'adar Saddam ce ya shanya baƙo, ya jira har sai ya san a hannun wa iko yake. Manyan 'yan siyasa kan zo da jirgi na jira da ranar komawa a aljihu. Ali ya ce shi ba inda za shi sai ya ga mutumin. Ya shiga yawo a gari. Ya je makarantu, ya yi salla a masallatai, duk inda ya tsaya sai jama'a ta yi dafifi, yara na bin sa, manya na miƙo takarda ya sa hannu, shi kuwa ba ya mayar da kowa, ko da hannun na rawa. Mutanen Bagadaza sun san shi tun zamanin karawarsa da Foreman da Frazier, sun kuma san shi a matsayin Musulmin da ya ce wa gwamnatin Amurka a'a ya biya farashin abin da ya faɗa. Wannan ne jarinsa. Bai zo da alkawarin sassauta takunkumi ba, bai zo da saƙon kowa ba, ba ya riƙe da muƙamin komai.

Ana cikin jiran nan maganinsa ya ƙare. An shirya tafiyar a kan 'yan kwanaki ne, ga shi ta miƙe, ga ƙasa a cikin takunkumi. Jiki ya rikice. Ya kai ga tashi daga gado ma ya zama aiki, murya ta ɗauke kusan gaba ɗaya. Duk da haka ya sa aka taya shi sa kwat da taye ya fito gaban 'yan jarida, wani na kusa da shi ya yi magana a madadinsa. Ɗaya daga cikin masu kula da tafiyar, Vernon Nored, shi ya bazama neman magani, ya same shi a wani asibiti da likitoci 'yan Ailan ke gudanarwa a Bagadaza. Su kansu ma'aikatan asibitin da yawansu suna cikin baƙin da aka hana fita. Wato tsararru ne suka ba da maganin da ya tayar da wanda ya zo fitar da tsararru.

Sannan kira ya zo. An yi ganawar a makon da Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 678, ranar 29 ga Nuwamba, wanda ya ba Iraƙi wa'adi zuwa 15 ga Janairu 1991 ta fice daga Kuwait ko a fitar da ita da ƙarfi. Ƙasashe 12 suka amince, Kyuba da Yemen suka ƙi, Sin ta ƙaurace. A fadar Saddam kuwa kyamarori na ɗauka, aka rungumi juna, aka zauna. Saddam ne ya yi yawancin maganar, yana bayanin matsayinsa da yadda yake kula da baƙinsa. Ali ya saurara. Abin da ya ɗauka wa Saddam alkawari shi ne zai koma ya gaya wa Amurkawa gaskiyar abin da idonsa ya gani a Iraƙi. Saddam kuma ya ce ba zai bar Muhammad Ali ya koma gida ba tare da wasu Amurkawa sun raka shi ba.

Mutum 15 aka ba shi. Ma'aikata ne irin na kamfanoni da cibiyoyi, wasunsu an ɗebo su ne daga wuraren da aka ajiye su a matsayin garkuwa, watanni huɗu ba su san ko za su sake ganin iyalansu ba. Ranar 2 ga Disamba jirgi ya tashi da su daga Bagadaza zuwa Amman ta Jodan, daga can suka kama hanyar gida. Shekaru bayan haka, a wani gajeren fim da tashar ESPN ta fitar a 2013 kan tafiyar, wasu daga cikinsu sun zauna gaban kyamara suna ba da labari, kuma ba wanda ya yi tantama a kan wanda ya fitar da shi.

Akwai wani ɗan reshe a labarin da ya cancanci a tsaya a kansa. A daidai kwanakin da Ali ke barin Bagadaza, wani ƙaton ɗan kokawa daga Japan yana shigowa da 'yan kokawa da mawaƙa da iyalan Japanawan da ake tsare da su, ya shirya bikin wasanni da zaman lafiya. Sunansa Antonio Inoki, a lokacin ɗan majalisa ne. Shi ne wanda ya kara da Ali a Tokyo a Yunin 1976, a wata haɗuwar dambe da kokawa da har yau ake yi wa dariya, inda Inoki ya kwanta rigingine kusan duk zagaye 15 yana harbin ƙafafun Ali, aka tashi canjaras, Ali ya ƙare a asibiti da kumburarrun ƙafafu. Bayan bikin Inoki aka saki Japanawa 41. Tsofaffin abokan karawa biyu, a gari ɗaya, a mako ɗaya, kowa ya fita da mutanensa.

Ranar 6 ga Disamba, kwana huɗu kacal da tafiyar Ali, Saddam ya ce kowa ya tafi. Kafin tsakiyar wata jirage sun kwashe kusan duk baƙin da suka rage. An ce abokansa irin su Sarki Husaini na Jodan da Yasir Arafat sun nuna masa cewa riƙe mutanen nan ba ya hana yaƙi, hujja ma yake ƙara wa Bush, ga kuma tayin tattaunawa da Bush ya yi ranar 30 ga Nuwamba.

To, a nan masu suka ke tsayawa su ce, kun gani? Da Ali ya zauna a gida, da mutum 15 ɗin nan sun fito bayan mako guda ko biyu tare da kowa, ba tare da an ba Saddam hoton runguma da mutumin da ya fi kowa farin jini a duniya ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban ga amfanin musun cewa Saddam ya ci moriyar ziyarar ba. Ya ci. Haka nan hujjar Wilson ba ta banza ba ce: duk wanda ya je ya karɓi kashi, ya ƙara wa waɗanda suka rage daraja. Amma wannan lissafi ne na wanda ya riga ya san ƙarshen labari. A ranar da Ali ke kwance ba magani, ba wanda ya san 6 ga Disamba na zuwa. Abin da aka sani shi ne ana tara runduna, ana shirya wa'adi, kuma akwai mutane a kwance a gindin madatsun ruwa da tashoshin lantarki. A ganina, in aka ɗora hoto guda a sikeli, aka ɗora mutum 15 a ɗaya gefen, a wannan rana da wannan sani, ba sai an daɗe ana duba ba. Hoton bai hana ko bam ɗaya sauka ba, bai ƙara wa Saddam kwana ɗaya a Kuwait ba.

Tattaunawar da aka sa rai a kanta ta watse a Janiba ranar 9 ga Janairu, inda ministan harkokin wajen Iraƙi Tariƙ Aziz ya karanta wasiƙar Bush zuwa ga Saddam ya ƙi karɓarta daga hannun takwaransa na Amurka James Baker. Cikin daren 17 ga Janairu 1991, ranar da Ali ya cika shekara 49, bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza, kuma tashoshin lantarki da matatun mai da masana'antun da aka kwashe baƙin daga cikinsu suna cikin abin da aka daka. Mu nan ma yaƙin bai wuce mu ba. Jamhuriyar Nijar ta tura sojoji cikin rundunar ƙawance, yayin da zukatan jama'a da yawa a Arewa ke wajen Saddam, har ma ba a rasa magidanta a Kano da Kaduna yau masu amsa sunansa, waɗanda a shekarar aka yanka musu rago.

Sai dai duk wannan kai-kawo na tsofaffin firaministoci da zakarun dambe, a kan 'yan dubban mutane daga ƙasashe masu arziki aka yi shi. Dubban ɗaruruwan leburori da direbobi da masu aikin gida daga Masar da Indiya da Bangaladash da Siri Lanka da Filifin da Sudan, waɗanda Saddam bai ga amfanin riƙe su ba, su suka tsallaka hamada suka jibge a sansanonin iyakar Jodan, cikin rana da ƙishirwa, kuɗin gumin shekaru ya narke a bankunan Kuwait. Indiya kaɗai ta kwashe 'yan ƙasarta fiye da dubu ɗari ta jirgin sama daga Amman, bayan ministan harkokin wajenta I. K. Gujral ya je shi ma ya rungumi Saddam ya sha suka a kan haka.

Su kuwa 'yan Kuwait da sojojin Iraƙi suka kama lokacin mamayar, suka tsallaka da su Iraƙi, ba wani mai suna da ya je karɓo su. An sako dubbai bayan yaƙin, amma fiye da mutum 600 ba su dawo ba, Bagadaza kuma ta shafe shekara 12 tana cewa ba sa hannunta. Sai bayan faɗuwar Saddam a 2003 aka fara tono ƙasusuwan wasunsu a ramukan bai-ɗaya a kudancin Iraƙi, ana gane su ta gwajin ƙwayoyin halitta. Kwamitin da aka kafa tun 1991 a ƙarƙashin ƙungiyar Red Cross don neman su ya ci gaba da zama shekara da shekaru bayan haka, da jerin sunaye ɗaruruwa da ba a gano masu su ba.